Jirgin Zungurun Isuhu Mai Rediyo

Ku da kuka san Isuhu Mai Rediyo kun san ba ya zama a wuri sai ya sunkuya ya ɗebi rairayi da yatsu uku, ya ɗaga, ya sake shi a hankali yana kallon inda zai karkata. A ƙofar masallaci haka, a wurin suna haka. Na taɓa ganin ya yi a zaman makoki, mutane sun yi jugum, ya saki rairayinsa, ya matso ya raɗa mini cewa iskar yau daga kudu take, kuma mai laushi ce, asara ce mutum ya wuni a zaune. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce to wa ya turo iskar?

Ni Laminu tobashinsa ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, ya girme ni da damina biyu, don haka tun muna ƙanana bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". Na bar gida da ƙuruciya. Na yi karen mota zuwa Kwatano, na yi dako a bakin teku a Abijan, na yi gadi a Libiya, na sayar da turare a Jidda. Bakina ya tsinto Faransanci da Zabarmanci da Yarabanci da Larabcin kasuwa. Shi kuwa iyakar tafiyarsa Kano, sau biyu, ya dawo yana cewa mutanen sun yi yawa. Rumfarsa ta gyaran rediyo a kasuwar Mallawa ta ishe shi duniya. Amma a duk ƙasashen da na taka ban ga mai naci irinsa ba. Na ga masu ciniki da za su wuni a kan abu ɗaya, na ga masu raƙuma da za su yi kwana goma ba su ce wash ba. Isuhu ya haɗa halin duka biyun, ya ƙara da rashin jin shawara.

Maganar jirgin nan, laifina ne, na yarda. Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo masa ƙaramin jirgin wasa daga Kano ya gyara, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da telekomandi, abin da mutanen tsallaken iyaka ke kira rimot. Mai shi bai dawo ba. Isuhu ya gyara shi tsaf, inji na kuka, farfela na juyawa, amma tashi ya gagara, domin ƙasarmu rairayi ce, ƙananan tayoyin nan nutsewa suke yi tun kafin su yi taku biyar. In ya jefa shi da hannu kuma, sai dai a je a tsinto shi a gonar gero. Rannan muna zaune gindin dogon yaro na ce a Abijan na ga masu irin wannan wasa suna tayar da nasu daga kan ruwa, su kuma sauke shi a ruwa kamar agwagwa. Isuhu ya ce wa jama'a su shaida, yawon duniya ya koya wa bawansa ƙarya, jirgi ko dai na sama ne ko na ruwa. Na nemo masa hoton bidiyo a salula. Ya kalla sau bakwai. Da ya miƙo mini salular sai ya ce, "Ashe abin ma ba wuya. Kuma ga tafkin gabas yana zaune ba aikin da yake yi."

Tafkin kuwa kun san shi. Damina ce ke cika shi, ya kai kaka, ana gama cirar gyaɗa ya fara ja da baya, kafin sanyi ya ƙare ya zama fili mai tsattsagewa. Wata huɗu ne ko biyar a shekara. Wannan ne filin jirgin Isuhu.

Ya ciro inji da farfela daga jirgin Kano ya gina sabo mai faɗin fiffike. Gangar jikin da farin soson nan da ake samu a kwalin firji, haƙarƙarin fiffike da karan dawa, sandunan da tsofaffin ƙarafan lema. Duk wanda lemarsa ta karye a garin nan, Isuhu ya riga shi sani. Abin da ya ba shi wahala shi ne ƙafafun da za su ɗauki jirgin a kan ruwa. Ya gwada gorunan roba, jirgin ya kife. Ya gwada tsofaffin silifa, suka sha ruwa suka yi nauyi. Sai ranar nan matarsa Habsu ta kwaɓa lalle za ta je biki garin Waca, ta duba inda take rataye zungurunta guda biyu, dogayen duman nan da mata ke zura hannu ciki in sun sa lalle, babu su. Ta tambaye shi, ya ce suna wurin aiki. Ta biyo shi har bakin tafki da lallenta a ƙwarya, ta iske zungurunta an toshe musu baki da gam an ɗaure su ƙarƙashin jirgi, suna yawo a kan ruwa gwanin sha'awa.

Ta ce, "Malam, na gādo su wurin innata."

Ya ce, "Shi ya sa. Na yanzu ba su da ƙwari."

Da leda ta ƙunshe hannunta ta tafi bikin. Shi kuma damina na zagayowa ya shuka zunguru a jikin dangarsa, yana rataya wa kowane ɗan dutse a gindi don ya fito a miƙe. Geronsa bai samu rabin kulawar da duman nan suka samu ba. In sun bushe sai ya zauna da ma'aunin da ya haɗa da zare da sanda yana neman biyu masu nauyi ɗaya, kamar mai haɗa aure.

To, jirgi ya tsaya a ruwa, amma bai tashi ba. Damina uku ina bakin tafkin nan ina kallo. Isuhu zai ajiye shi, ya gyara tsayuwa, ya tura sandar telekomandi. Jirgin ya ɗauki kuka, ya tsaga ruwa a guje, ya ɗaga hanci kamar zai yi abin kirki, sai ya ci gaba da gudu har ya je ya cusa kai cikin ciyawar tsallake. Ni ne mai ɗaukowa. Na ce ni fa alhaji ne, na ga Bahar Maliya da idona. Ya ce to wanda ya ga Bahar Maliya ai tafkin gabas ba zai ba shi tsoro ba, in naɗe wando. Matsattsakun tafkin nan sun san ɗanɗanon jinina fiye da sauron Abijan.

Kowace faɗuwa da bayaninta. Yau batir bai cika ba, gobe wutsiya ta yi nauyi, jibi ni ne na yi tari. Ya rage fiffike, ya ƙara fiffike, ya kankare zunguru har sai da suka kusa zama takarda. Amma abu ɗaya bai taɓa shakkarsa ba: wai dole ruwan ya kwanta lumui kamar faranti, ko ƙuda kada ya taɓa shi. Hujjarsa ita ce filin jirgin gaske shimfiɗaɗɗe ne sumul, to ruwa ma haka. Saboda haka da sassafe yake zuwa, rana na ɗagowa, kafin iska ta motsa. Wanda abin ya shafa shi ne Haro, maƙwabcinmu mai noma da kiwo, wanda shanunsa suka saba shan ruwa a tafkin da hantsi. Isuhu ya je har gida ya roƙe shi ya riƙa tsare su a kan tudu sai an gama gwaji, shi kuma rediyon Haro ba za ta sake mutuwa ba muddin yana raye. Haro mutum ne mai kunya. Damina uku yana tsaye a kan tudun nan da sandarsa, shanu na kuka, yana ba su haƙuri. Wani lokaci in saniya ta matso, Isuhu ya juya ya ce mata ta dubi girman Allah, saura kaɗan.

A damina ta uku ne muka gane idonsa na tafiya. Ya fara laluben ƙananan kusoshi a kan tabarma. Ranar kasuwa ya yi wa buhun wake sallama, ya tsaya jiran amsa. Yanar ido ce ta rufe na dama, ta kama na hagu. Babban ɗansa Sani, wanda yake mushe a lakwal, wato malamin makaranta, a Magariya, ya kai shi asibiti wurin lokotoro, aka ce aiki za a yi a Damagaram, kuma kada a ja lokaci. Aka ce bayan aikin zai yi makonni ba sunkuyo, ba shiga ruwa, ba tsayuwa cikin rana. Isuhu ya lissafa da yatsu, ya ga kafin ya warke tafki ya ƙafe. Ya ce ba inda za shi sai jirginsa ya tashi.

Sani ya zo wurina ya ce, "Baba Laminu, kai kaɗai yake saurara." Na ce ɗana, wa ya gaya maka? Amma na je. Na ce masa a Jidda na ga tsoho an yi masa irin aikin nan, kwana uku yana karanta Alƙur'ani ba tabarau. Na ce tafki zai dawo baɗi, ido kuwa in ya tafi ba lallai ya dawo ba. Ya bar ni na gama, yana goga zunguru da tsumma. Sa'an nan ya ce, ba da wasa ba, "Bawana, kai ka ga duniya. Ni abu ɗaya na ce zan yi da hannuna. In an taɓa idon nan bai buɗe ba, shi ke nan ban yi ba. Yanzu ko dishi-dishi ina gani." Abin da muka iya samu shi ne alkawari: Sani zai zo da mota ranar Asabar ta bayan mako biyu, ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba, Isuhu zai shiga.

Makonni biyun nan ban taɓa ganin mutum ya yi aiki haka ba. Ya rufe rumfa. Ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, yana ɗaure waya da lalube. Kullum da safe muna tafki, kullum tafkin na raguwa. Masu yin tubali sun riga sun fara haƙa a gefen yamma, masu lambu na jan ruwa da bokiti. Filin gudun jirgin ya ragu da kusan rabi. Isuhu ya kafa kara a bakin ruwa, washegari ya iske karan a kan busasshiyar laka, ya tuge shi ya matsar.

Ranar Juma'a, jajibirin zuwan Sani, muka fito da batir uku da ya kwana biyu yana cikawa da hasken rana. Ruwa ya kwanta yadda yake so. Gwaji na farko, ciyawar tsallake. Na biyu, haka. Farfela ta kwance, ya zauna ɗaurewa da lalube, ya ƙi in taimaka, har rana ta take. Haro na kan tudu tun safe, shanu sun fara tunkuɗar juna, don ba su taɓa kaiwa wannan lokaci ba su sha ba. Ya ɗaga murya ya ce, Malam Isuhu, yau fa ba su jin magana. Isuhu ya ce ya ƙara musu haƙuri, batir ɗaya ya rage.

Na shiga na ajiye jirgin, na fito. Isuhu ya yi bisimilla ya tura sanda. Daidai lokacin wani jan bijimi ya bangaje Haro ya gangaro, sauran garken suka rufa masa baya, suka afka tafkin daga gefen arewa. Ruwan da ake lallaɓawa damina uku ya hargitse, igiyoyinsa suka taho jere-jere. Na ce shi ke nan. Jirgin ya ci karo da ta farko ya yi tsalle, ya faɗo, ya ci karo da ta biyu ya sake tsalle, a ta uku bai dawo ba. Na ga ruwa na ɗiga daga zungurun Isuhu, ga sarari tsakaninsu da tafki.

Isuhu ya ji kukan injin ya sake. Ya ce, "Me ya faru?"

Na ce, "Ya tashi."

Ya ce, "Kada ka yi mini ƙarya yau."

Na rantse masa. Sai ga wata matsalar da duk damina ukun nan ba wanda ya yi tunaninta: jirgin na yin nisa kaɗan ya ɓace masa. Yana riƙe da telekomandi, fuska a sama, ba ya ganin komai sai fari. Ya ce in zama idonsa. Ni kuwa bakina ya ƙwace, na fara ba shi umarni da Faransanci, na zarce Larabci, har Yarabanci sai da ya fito. Jirgi ya nufi gorubar bakin hanya. Isuhu bai ɗaga murya ba, ya ce, "Bawana, da Hausa aka yi maka suna. Hancinsa ina yake kallo?"

Na ce gorubar bakin hanya. Ya karkata sanda. Na ce yanzu gonar liman. Ya ƙara. Na ce yanzu rijiyar lambu, yanzu hasumiyar masallaci. Ashe abin da yake bukata ke nan. Ba ya ganin jirgin, amma babu kututturen da bai sani ba a kewayen garin nan, yana tuƙi a cikin kansa. Haka muka zagaya tafkin sau biyu, ni ina kiran gonakin mutane, shi yana juyawa. Masu tubali suka ajiye aiki. Mata masu wanki suka yi guɗa. Haro ya manta da shanunsa, ya cire malafa yana kallo.

Da kukan injin ya fara rauni Isuhu ya ce batir ya kusa, in nemo masa inda ba saniya. Na ce babu, ko'ina saniya ce. Ya ce to in zaɓi mai haƙuri. Ya sauko da shi a hankali, ina cewa ƙasa kaɗan, ƙasa kaɗan, jirgin ya daki ruwa, ya yi tsalle, ya tafi suuu ya tsaya a gaban wata tsohuwar saniya. Ta shinshina shi ta ci gaba da shan ruwanta. Zunguru ɗaya ya tsage, amma jirgin na tsaye.

Isuhu ya zauna a kan laka da rigarsa ta Juma'a. Haro ya gangaro yana ba da haƙuri, wai wallahi bijimin ne ya fi ƙarfinsa. Na bayyana wa Isuhu yadda abin ya faru, yadda igiyar ruwan ta cilla jirgin. Ya juya maganar a ransa. Sai ya dubi inda yake jin muryar Haro ya ce, "Ashe kai ne. Damina uku kana tsare mini shanu a kan tudu, ka hana jirgina tashi." Har yau in an tuna wa Haro sai ya ce shi bai san inda zai kai ƙara ba.

A gida muna ba Habsu labari, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce duk macen da ta taɓa kifa ƙwarya a kan ruwa ta san ruwa mai kwanciya riƙe ta yake yi, sai an girgiza iska ta shiga sannan ya saki. Isuhu ya ce to me ya hana ta faɗa tuntuni? Ta ce ita a gidan nan ana ɗaukar kayanta ne, ba a tambayarta.

Da safe Sani ya iso da shirin rigima, ya iske uban a zaure da jakarsa a kan cinya, yana tambayar me ya tsayar da shi. Aka yi aikin, idon dama ya buɗe tar. Abin da ya fara nema da ya dawo shi ne jirgin. Ya juya shi, ya ga yadda gam ya zuba ko'ina, ya ce wane makaho ne ya yi wannan aiki. Ya shafe rani yana gina sabo, ya ce wannan karon da idonsa zai gani, har ya yi wa Haro kashedi ya riƙa sakin shanu a kan lokaci.

Bai kai damina ba. Zazzaɓi ya kama shi cikin bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ko ɗigo bai sauka ba. Kwana shida ya yi a kwance. Kullum in na je sai ya sa in sake ba shi labarin ranar nan daga farko, domin shi abin da ya samu daga tashin jirginsa kuka ne kawai da abin da na faɗa masa. Ni da na ba mutane labarin teku da hamada har suka gaji, wannan ne labarin da aka fi tsare ni a kansa. In na tsallake gonar liman sai ya mayar da ni. Ranar ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa sosai. Na ce jirgin ya kai tsayin goruba. Ya buɗe idon nan da aka gyara ya dube ni ya ce, "Jiya ka ce ya wuce ta." Na ce ya wuce ta, tobashi, nesa ba kusa ba. Ya ce to, haka ya ji a hannunsa.

Allah ya jiƙan Isuhu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya sa ya buɗe ido a inda ƙoramu ba su ƙafewa. Ya ba Habsu da 'ya'yanta haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.